Latas a Ranar Juma'a

A satinsa na farko a Riyad, Mu'azzam ya ɗauko latas a motar sanyi daga kasuwar Aziziya zai kai wani otal. Da ya ji an fara huɗuba, sai ya faka gefen masallaci ya kashe inji, kamar yadda ya saba a Kano don kada mai ya ƙone a banza. Bai san sanyin ma ya kashe ba.

Da ya dawo ya buɗe bayan motar, turiri ya bugi fuskarsa. Ganyen duk ya langaɓe kamar an dafa shi.

Ya kira Sha'aban, wanda ya samo masa aikin a wurin kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa.

"Yaya, na kashe inji na shiga salla."

"Ka kashe me? Kai, wa ya ce maka ana tattalin mai a ƙasar nan?"

"Don Allah ka roƙar mini kafili. Ko iƙamata ta zaman ƙasa ba ta fito ba."

"Yanzu muka gama waya da shi. Otal na jiran kaya. Ya ce in babu latas, ka haɗa jakarka."

Mu'azzam ya durƙusa yana yayyafa wa ganyen ruwan gorarsa. Duk wanda ya ɗaga, sai ya koma ya kwanta.