Shaidar Jumare a Bakin Ƙofa

Shekarar da aka samu 'yancin kai, masu sujada a ɗan ɗakin jinka na bayan garin Tambuwal ba su kai talatin ba, yawancinsu mutanen Zuru ne da aikin hanya ya kawo. Dattijonsu ya rasu da kaka, aka ce a ba da sunan wanda zai gaje shi. Mutum biyar suka tashi suka ambaci Ɗangiwa, manomi, wanda ya ɗauko itacen ɗakin nan a kansa tun daga dajin Kebbe.

To amma ikilisiya tana da ƙa'ida, kuma ba a tsallake ta don kowa. Kafin a jefa ƙuri'a, sai mai bishara, Malam Ɗan'iya, ya je ya tambayi maƙwabcin mutum wanda ba ɗan ikilisiya ba ne, a ji yadda na waje ke ganinsa. In aka samo mummunar shaida, an ajiye sunan ke nan.

Maƙwabcin gonar Ɗangiwa kuwa Jumare ne, mai shanu. Shekara uku ba sa ga maciji, tun da shanun Jumare suka shiga geron Ɗangiwa, shi kuma ya kai ƙara gaban alkali, aka sa Jumare ya biya dami shida.

Rifkatu, matar Ɗangiwa, ta ce, "Maigida, ka ɗauki goro ka tai ka gaishe shi kahin Malam ya isa."

"Shekara uku ban kai mai goro ba, sai yau da nika son bakinai? Ba ni zuwa."

Ya faɗa da ƙarfi, amma tuwon ranar rabi ya ci. Kujerar nan yana son ta, ba zai yi wa kansa ƙarya ba.

Ranar Lahadi bayan wa'azi, Malam Ɗan'iya mai bishara ya miƙe ya ce ya je wurin Jumare, Jumare ya ce maganarsa ba ta aike ba ce, da ƙafarsa zai zo.  Ɗangiwa bai ɗaga kai ba sai da inuwa ta tare ƙofa.

Jumare ne, da malafa, sanda a gicciye bisa kafaɗa. Aka ce ya shigo, ya ce nan ma ya isa, ai suna jin sa.

"Kun ce in hwaɗi halin Ɗangiwa. Mutum na mai taurin kai. Ba shi dariya, ba shi barin ta kwana. Ni kau har gobe ban gaishe shi."

Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo." Ɗangiwa ya kafa ido a ƙasa.

"Ban ƙare ba, Inna. Randa munka tsaya gaban alkali, ɗan'uwanku guda ya ba da shaida, yac ce shanuna goma sha biyu sunka shiga gona. Alkali har ya buɗe baki shi yanke dami ashirin. Sai wanga mutum yat tashi, shi da yak kawo ƙara, yac ce, Allah shi gafarta Malam, huɗu na, ni nik kore su da hannuna, kuma kusurwa guda sunka ci. Alkali yac ce mai, kai wa kaka taimako? Yac ce shi abin da yag gani yaka hwaɗi." Jumare ya gyara sandarsa. "Ni ban san mi dattijonku ka yi ba. In dai riƙon gaskiya na, ku ba shi. In fara'a kuka biɗa, ku sake wani."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har Malam Ɗan'iya. Ɗangiwa bai yi ba. Shi a ransa maganar nan ta mutu tun a zauren alkali, ko Rifkatu bai taɓa gaya wa ba. Ashe mutumin da aka kai ƙarar, shi ya adana ta.

Aka zaunar da Ɗangiwa ya ba jama'a baya, aka ajiye ƙwarya biyu, fara ta amincewa, baƙa ta ƙi. Kowa ya zo da ƙwayar gyaɗa ɗaya. Yana jin ƙarar faɗuwarsu, bai san wace ƙwarya ba. Da aka juye, uku ne kacal a baƙar.

Malam ya ɗora masa hannu aka yi addu'a. Ana cewa amin, sabon dattijo bai tsaya karɓar barka ba, ya ratsa mutane ya fita. Jumare har ya kama hanyar Sanyinna.

"Jumare! Ina kwana?"

Jumare ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa. "Lahiya lau. An ba ka?"

"An ba ni."

"To madalla. Sai ka gyara shingenka na gabas kahin damina. Shanuna ba su san an yi dattijo ba."

Ɗangiwa ya ce zai gyara. Ya dawo ɗakin sujada kansa a sama, ya zauna a bencin gaba.