Jitar da Aka Juya wa Tsirkiya

Mai bishara Shitu ya koma ga Ubangijinsa da farkon damina. Ya bar matarsa Dinatu, da 'yarsa Fibi, da wata tsohuwar jita wadda ya shekara talatin yana yabon Allah da ita a ƙaramar majami'ar ƙauyensu da ke bayan Tsiga. Tun da aka binne shi, waƙar sujada ta koma ganga da tafi kawai.

Fibi malamar firamare ce, ba ta taɓa riƙe jita ba. Duk da haka ta tashi a gaban fasto da dattawa ta ɗauki alkawari cewa ranar godiyar kaka, ranar da manoma ke jibge masara da dawa da auduga a gaban bagade, ita za ta kaɗa jitar mahaifinta. Aka nemo mata Malam Luke daga Funtua, mutumin da sana'arsa ke nan, bin masu koyo gida-gida. Kowace Asabar da hantsi yakan iso a kan babur, su zauna a benci ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

Ya koya mata sunayen tsirkiyoyi shida, daga mai kauri zuwa siririya. Ya koya mata do, re, mi, da yadda ake haɗa sauti uku su zama abin da makaɗa ke kira kod, da yadda ake raba waƙa bisa ƙidaya huɗu. Duk abin da ake rubutawa a takarda, sau ɗaya ake faɗa mata. Amma da zarar ta ɗora jitar a cinya, sai hannunta na dama, mai bugun tsirkiya, ya riƙa zuwa a makare. Mako shida ana abu ɗaya.

"Fibi, ƙasa, ƙasa, sama, ƙasa!" in ji Malam Luke cikin ƙosawa. "Ba tuwo na ce ki tuƙa ba!"

"Malam, ƙidayar tana cikin kaina daidai. Hannun ne ya ƙi."

Ya karɓi jitar don ya sake nuna mata. Yana cikin kaɗawa sai idonsa ya sauka a kan benci, ya ga hannunta na hagu yana bubbuga katako, bugu bayan bugu, ko kuskure ɗaya babu. Ya tsaya cak.

"Ke bahaguwa ce?"

Fibi ta janye hannun ta ɓoye shi cikin zane. Dinatu, wadda ke tsintar wake a bakin ɗaki, ita ta amsa. Ta ce haka aka haifi Fibi. Tana shekara biyar Baba Mark, yayan mahaifinta, wanda yanzu shi ne babban dattijon ikilisiya, ya ɗaure mata hannun a baya da tsumma har wata biyu, ya kuma riƙa dukan yatsun da muciya, sai da ta koyi ci da rubutu da dama.

Malam Luke ya kwantar da jitar a cinyarsa. Ya kwance tsirkiyoyin nan shida, ya ɗauko ƙaramin magagari daga jakarsa ya faɗaɗa mazauninsu, ya mayar da mai kauri inda siririya take, siririya inda mai kauri take. Ya miƙa mata jitar, wuyanta yana fuskantar dama.

"Danna da dama, ki buga da hagu."

Kafin ya hau babur ran nan, ta kaɗa baiti guda daga farko har ƙarshe. Cikin mako uku tana sauya kod ba tare da ta dubi yatsunta ba.

Saura kwana takwas a yi godiya, Baba Mark ya yi sallama ana tsakiyar darasi. Labari ya riga ya kai masa. Ko gaisuwar Dinatu bai amsa ba. Ya fizge jitar daga hannun Fibi, ya jujjuya ta, ya dubi Malam Luke.

"Kai ne ɗan Funtuwan? Wa ya ba ka izinin ɓata kayan ƙanena?"

"Baba, ban ɓata komai ba. Na gyara ta ne daidai da hannun mai ita."

"Mai ita yana kabari! Kai ka san wahalar da na sha kafin yarinyar nan ta zama mutum? Ko ruwan sha ba a miƙa wa baƙo da hagu. Ko baikon majami'a ba a jefawa da hagu. Shi ne za ka sa ta tsaya a gaban bagaden Allah Mai Tsarki, ta miƙa masa yabo da hannun da ake shiga bayan gida da shi?"

"Abin da kuka yi mata tana ƙarama, Baba, ba tarbiyya ba ce, zalunci ne. Mako shida na yi ina yi mata tsawa a kan laifin da ba nata ba."

"Ji ɗan yau! Ni kake koya wa tarbiyya? Lokacin da aka yi mini baftisma ubanka ko wando bai fara sawa ba. Ka mayar da su yadda suke yanzun nan. In ta iya da dama ta kaɗa, in ba ta iya ba ta zauna cikin mata ta yi tafi."

Malam Luke ya miƙe tsaye. "Na ji. Amma ku fara nuna mini yadda ake yi. Ga jita a hannunku, ku sa hagunku a baya, ku fitar mini da do, re, mi da dama kaɗai."

Baba Mark ya daka masa harara. "Ni makaɗi ne?"

A nan ne Dinatu ta ajiye faifan wake. Mace ce da ba a taɓa jin ta ɗaga murya a gaban yayan mijinta ba.

"Yaya, kai ka yi wa ƙanenka wanka ranar da ya rasu. Ka tuna kan yatsunsa na hagu? Sun yi kanta kamar tafin ƙafar manomi. Ba fartanya ce ta yi masa haka ba. Da su yake danna tsirkiya, da su yake zaɓar kowane sauti, dama bugu kawai take yi. Shekara talatin yana yi wa Allah hidima da hagu, kana kujerar gaba kana cewa amin. Ko sau ɗaya ban ji ka ce hannun bayan gida ne ba."

"Dinatu, ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara ashirin da uku, tun ranar da na ga an ɗaure mini 'ya na yi shiru. Allah ya gafarta mini wannan shirun."

Baba Mark ya juya ga Fibi, yana nuna ta da sandarsa. "Ke nake jira. Ni ne ubanki yanzu. In kika tashi da abin nan a juye ranar Lahadi, ni zan fita daga majami'a, kuma ƙafata ba za ta sake taka gidan nan ba."

Fibi ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, ta miƙa hannu biyu ta karɓi jitar daga gare shi. Idonta ya yi ja, amma ba kuka take yi ba.

"Baba, zan ci abinci da dama har in mutu, don kun riga kun karya ni a kan haka. Amma alkawarin nan ba da ku na yi shi ba, da Allah na yi. Shi ya ba ni hannun, ya kuma san wanda ya ba ni."

A cikin makon Baba Mark ya kai ƙara wurin fasto. Fasto ya tara dattawa, suka yini suna bincike cikin Maganar Allah, ba su sami inda aka hana yabo da hagu ba. Wannan bai sauke shi daga fushinsa ba, sai ma ya ce an haɗa masa kai da baƙo.

Ranar Lahadi majami'a ta cika har waje. Buhunan masara sun kai tsayin taga, mata sun jera ƙwaryar gyaɗa da ta wake. Malam Luke ya zauna can baya, hularsa a hannu. Da fasto ya kira sunan Fibi, ta fito ta zauna a kujerar mahaifinta, wuyan jitar yana fuskantar dama. Wasu tsofaffi suka fara gunaguni.

Baba Mark ya tashi daga kujerar gaba. Ya bi tsakiyar majami'a a hankali, yana buga sandarsa a ƙasa da ƙarfi don kowa ya ji, mutum biyu daga gidansa suka bi shi. Hannun Fibi ya tsaya a sama. Daga baya aka ji muryar Malam Luke, ba ƙasa-ƙasa ba: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu!"

Hannun ya sauka a kan ƙidaya. Dinatu ce ta fara ɗaukar waƙar, matan ƙungiyar zumunta suka karɓa, mai ganga ya shigo, har aka kai baiti na ƙarshe.

Baba Mark ya cika maganarsa. Kaka biyu ke nan bai taka gidan Dinatu ba, in ya hango Fibi a kasuwar Danja sai ya sauya layi. Ita kuwa kowace Kirsimeti tana aika masa da abinci, yana dawo da kwanon a rufe. Har yau ita ke kaɗa jita a majami'ar, kan yatsunta na dama sun yi kanta irin ta mahaifinta. Allah Masanin zukata shi ne mai hukunci a tsakaninsu.