Aljihun da Tela ta Ɗinke

Ranar da mijinta ya ce Dogo ne zai kai kuɗin hayar gida, Tela ta tsayar da kekenta a tsakiyar ɗinki, ta dube shi kamar ya ce a ba kura ajiyar nama.

Dogo ɗansu ne na fari, kuma duk layin an san abin da cacar ƙwallo ta yi masa. Wayarsa ce ta fara tafiya, sai agogon ubansa, sai dutsen gugar uwar, wanda ta nema har ƙarƙashin gado kafin ta gane inda ya nufa. Tun daga nan, in za a yi maganar kuɗi a gidan sai an jira ya shiga wanka. Yanzu dai ya daina, ko kuma ya ce ya daina, har ya samu aikin lodi a wani sito. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

“Malam, yau fa dillali ya ce ita ce ƙarshe,” in ji ta. “In bai ga kuɗinsa ba, titi za mu kwana.”

Mijin nata direban bas ne, ciwon baya ya kwantar da shi a tabarma. Ya ce, “Na sani. Har da gumin Dogo a kuɗin nan, ya kawo da hannunsa. Yaron da za ki karɓi nasa amma ba za ki ba shi riƙo ba, yaushe zai zama mutum?”

Sai ta ce a miƙo mata wandon Dogo. Ta cusa ambulan ɗin kuɗin hayar a aljihun dama, ta zaro allurar da kullum ke soke a wuyan rigarta, ta ɗinke bakin aljihun da ƙananan ɗinki, irin wanda take yi wa kayan masu tsegumi.

“Saboda ’yan sane,” in ji ta, ba ta ɗago ba.

Dogo ya karɓa ya ce, “To, Umma.” Ya san ɗan sanen da ake nufi, ita ma ta san ya sani, abin kuwa ya sosa mata rai fiye da in da ya yi musu.

Yana fita ta ce zarenta ya ƙare, ta ja mayafi. Mijin ya dubi ƙwaryar zare cike a kan keke, ya juya bango.

Bin Dogo ba wuya, kansa ya fi na kowa tsawo a titi. Wuyar ita ce ɓoye mace mai jiki irin nata a bayan turakun lantarki. Ta bi shi ya wuce kantin magani, ya wuce mai faci, ya kai kwanar da shagon caca yake da manyan talabijin a bango. Ya rage sauri. Ya tsaya. Sannan ya tura ƙofar gilashi ya shiga.

Ta tsallaka ta raɓe da wata mota, tana hango shi a layi cikin samari. Ta ga ya sa farce a bakin aljihun yana tsinkar ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, ɗinkin da ta yi alfahari da shi ɗazu. Ta ga farin ambulan ya fito. Zuciyarta ta ce ta faɗa ciki ta finciko shi ta kunne a gaban kowa, har ta ɗaga ƙafa. Sai ta tuna ta taɓa yin haka, kuma washegari ya koma. Ta riƙe madubin motar mutane da hannu biyu, tana addu’a.

Layi ya zo kansa. Mai kanta ya miƙo hannu. Dogo ya tsaya da ambulan a tafinsa har na bayansa suka fara zunguri. Daga nan ya juya, ya ratsa su, ya fito.

Kai tsaye wajenta ya nufo, fuskarsa sharkaf da gumi.

“Tun daga kantin magani na gan ki, Umma,” in ji shi. “Na ɗauka ganinki zai hana ni shiga, bai hana ba. Zarenki ma bai hana ba, ga shi na farke.” Ya nuna mata ambulan ɗin, a liƙe yadda yake. “Mai kanta ya ce nawa zan saka, sai na ji bakina ya ce ba komai. Wallahi ni kaina ban san zan iya ba.”

Tela ta so ta zage shi, ta so ta rungume shi, sai ta rasa wanda za ta fara. Daɗi ya cika ta, irin wanda rabonta da shi tun ranar da ya fara tafiya da ƙafarsa. Ya mayar da ambulan ɗin aljihu ya juyo mata da gefensa.

“Ki sake ɗinkewa, ko ki raka ni. Akwai wani shagon a gaba, kusa da tasha.”

Hannunta har ya kai kan allura. Ta sauke shi. Ta sunkuya ta tsince ragowar zaren da ke reto a bakin aljihun, ta hure shi daga yatsunta.

“Ni da kayan mutane ke jira? Wuce ka je, kafin dillali ya rufe ofis.”

Ta juya ta kama hanyar gida. Wuyanta har ciwo ya yi don son waiwaye, ba ta waiwaya ba. Da ta shiga, mijin ya ce ina zaren, ta ce ya yi tsada, ta hau keke tana taka shi da ƙarfi kamar mai tuƙa mota.

Ba ta gama hannun riga ba ta ji sallamar Dogo, da ƙarfi, ba irin ta ɓarawon kaza da ya saba yi ba. Ya durƙusa ya miƙo mata rasit.

Ko kallon takardar ba ta yi ba. Ta ce, “Riƙe abinka, kai za ka riƙa ajiye su. Jawo kujera. Malam, tashi zaune, ga kuɗin wuta da na makarantar yara ba mu san yadda za mu yi da su ba. Babban gida, me ka gani?”