Mutum Biyu, Garkuwa Ɗaya

Ni na fara ganinsu, duk wanda ya ce shi ne, ƙarya yake. Gudawa ce ta fitar da ni daga layin sojojinmu. Na tsuguna bayan wani itace, sai ga ƙafafun mutane ba takalmi, jere cikin ciyawa kamar shuka su aka yi. Mayaƙan Katti ne, ƙabilar nan mai gashi ja da muka zo yaƙa. Ko ɗamara ban ɗaura ba na kurma ihu.

Amma me ihun ya tsinana? Tafiya muke, garkuwoyinmu duk suna cikin rigunansu na fata, ɗaure a baya yadda doka ta ce. Ruwan sama kuwa tun da muka ƙetare kogin Renus bai ɗauke ba. Fata ta sha ruwa, igiya ta kumbura, ka ja ka ja ta ƙi kwancewa. Suna ta zubo mana masu, mu muna fama da ƙulli.

Ba zan ba ku labarin faɗan ba, ya ishe ni. Da la'asar dai na tsinci kaina a fadama, ni da Dekimus, abokin tantina. Mashi ya huda cinyarsa, garkuwarsa ta nutse a laka. Kun san hukuncin sojan da ya koma ba garkuwa: 'yan tantinsa ne za su kewaye shi da kulake har ya daina motsi. Ga shi, ban da shi, ni kaɗai na rage a tantinmu.

"Balbus, yi tafiyarka," in ji shi. "Gara masu jan gashin nan su gama da ni da in mutu a hannunka. Ko dukan kirki ba ka iya ba."

"Rufe mini baki, jakin banza. In ka mutu wa zai niƙa mini alkama?"

Na shimfiɗa garkuwata, na mirgina shi a kai, na ɗaura igiya a ƙirji, na ja. Mutumin nan ya fi alfadari nauyi, ga surutu. Laka har gwiwa, wani wuri har ƙugu. Ɗanyar alkama muke tauna, mu kora da ruwan fadama. Can cikin daji muna jin Katti suna ruri a cikin garkuwoyinsu kamar bijimai. Kwanakin sun cakuɗe mini. Na yi barci a tsaye, na farka ina ja.

"To me za ka ce in mun kai gadar Renus ta komawa sansani?" Kullum tambayarsa ke nan.

"Ban sani ba. Ka bar ni in ji da ƙafafuna."

A bakin gadar muka tarar da Sabinus, shugaban rundunarmu ta mutum ɗari, wanda ya karya sandunan inabi ba adadi a gadon bayanmu. Yana zaune kan dutse, kunnensa ɗaya babu, yana duban masu dawowa.

"Mutum biyu nake gani, garkuwa ɗaya. Ta wa ce?"

Akwai suna rubuce a cikinta, an ce nawa ne. Ni ban san ko baƙi ɗaya ba, amma Sabinus ya iya karatu. Dekimus kuwa yana kwance a kan rubutun.

"Ranka ya daɗe, ni na jawo ta, shi ya riƙe ta. Tun daga fadama bai sake ta ba. In ana son suna, sai a ɗaga shi."

Sabinus ya dubi Dekimus. Ya dubi hanyar da muka fito, ba kowa a bayanmu. Ya dafa sandarsa ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna.

"Ku wuce," ya ce. "Na gaji."

Shi ke nan. Likita ya yanke ƙafar, Dekimus ya rayu, ya yi ta sayar da soyayyen naman alade a ƙofar sansani har tsufa ya ɗauke shi. Bai taɓa yi mini godiya ba, ɗan banza. Cewa yake jan da na yi masa akwai gargada.

Yanzu yaran da ba su taɓa taka laka ba suna cewa wai ƙari nake yi. To madalla. Mai musu ya samo garkuwa, ya jiƙa ta, ni in hau. Ban kai rabin Dekimus ba. Ya ja ni daga nan zuwa bakin rijiyar can kawai, sannan ya zo mu yi magana.