Notunan da Braxton Ya Sayo

Shekarata ashirin da uku a sashen sayen kaya na wani kamfani a Huntsville, inda muke ƙera bututun mai na rokoki. Duk bazara jami'a kan turo mana ɗalibai biyu su yi wata uku suna sanin makamar aiki. Na ga iri-iri, amma ban taɓa ganin fanko kamar Braxton Whitlow ba.

Kawunsa ne mataimakin shugaban kamfani, don haka ko tambaya ɗaya ba a yi masa ba kafin a ɗauke shi. Ranar farko ya shigo yana taunar cingam, ya ƙare wa ofishina kallo kamar an kawo shi juji.

"Mis Verna, ina wurin da ake harba rokar?"

"Nan wasiƙa kawai muke harbawa, ɗan nan. Ga kujerarka."

Ɗaya ɗalibar kuwa Odalys Ferrer ce, 'yar wani makanike daga Decatur, wadda ba a jin bakinta sai da dalili. Na zaunar da su na faɗa musu dokar sana'ar: duk notin da zai shiga roka sai ya zo da takardar da ke nuna inda aka narka ƙarfensa da wanda ya gwada shi. Babu takarda, babu noti. Odalys ta rubuta. Braxton yana can yana ɗaukar kansa hoto a gaban tambarin kamfani.

A wata na biyu notunanmu na ƙarfen titaniyam suka ƙare, dillalinmu ya ce sai bayan mako shida. Injiniyoyi suka hana ni sakat. Ana cikin haka aka yi wa yayata tiyata, na tafi Birmingham jinya na kwana biyar. Kafin in dawo, gogan naka ya tono wani dillali a intanet mai kawo kaya cikin kwana huɗu, ya ambaci sunan kawunsa, aka sa masa hannu.

Na tarar da shi yana shan shayin ƙanƙara, ƙafa bisa tebur.

"Abin da ya gagare ku shekara ashirin na gama da wayata," in ji shi. "Tsofaffin hanyoyi sun mutu, Mis Verna."

Sai ga Odalys a bakin ƙofa.

"Mis Verna, ko za ki leƙo sito?"

Ta baje mini takardun akwati uku na notunan da Braxton ya sayo. Lambobin akwatunan daban-daban, amma sakamakon gwajin iri ɗaya sak, har ɗigon tawadar da ke gefen sa hannun. Sannan ta ciro maganaɗisun da muke manna takarda da shi a jikin firjin ofis, ta tsoma a akwati. Notuna huɗu suka biyo shi. Titaniyam ba ya bin maganaɗisu. Ƙarfen banza aka yi wa wanka aka aiko mana.

An riga an ɗaura arba'in a jikin bututu. Mako biyu ma'aikata suka yi suna kwancewa suna tsine wa sashena. Braxton kuwa ya ce shi ma ai ya so ya yi zargi, nauyin akwatin bai kwanta masa ba. Akwatin da ko taɓa shi bai yi ba!

Ranar sallamar ɗalibai aka kawo gasasshiyar kaza da farar miya, manya suka cika zaure. Braxton ya hau mumbari da kwat, ya haska allo: "Yadda Muka Bankaɗo Jabun Kaya." Minti ashirin yana "muka lura, muka gwada." Har maganaɗisun ya ɗaga sama, aka yi ta tafi. Odalys na kujerar baya, farantinta a cinya.

Na ɗaga hannu.

"Ɗan nan, ka manta ka faɗa mana wanda ya sayo su."

Kawun ya yi murmushin yaƙe.

"Verna, yau ranar yara ce. Ci kazarki."

Na kuwa ci, don fansho saura shekara uku.

Kujera ɗaya ce ta aikin dindindin, kowa ya san wanda ya samu. Na rubuta wa Odalys wasiƙar shaida mai shafi biyu, wani kamfanin tauraron ɗan'adam a Colorado ya ɗauke ta tun kafin ta gama jarrabawa.

Bana an naɗa Braxton mai kula da ɗaliban da za su zo. Jiya ya aiko yana so in tsara masa abin da zai koya musu a makon farko, wai kafin Juma'a. Na amsa masa cewa na ɗauki hutu, zan tafi tafkin Guntersville kamun kifi.