Likita Ya Ce In Motsa Yatsu

Filastar da ke hannun Umma fara ce tas ranar da aka saka ta. Yanzu duk bakinta ya yi shuɗi da allin zana yadi.

Auta ta leƙo shagon ɗinkin uwarta, ta ji ƙarar babban almakashi, ƙaras, ƙaras.

"Umma!"

"Me kuma? Likita ya ce in riƙa motsa yatsu. Ga su nan ina motsawa."

"Motsawa ya ce, bai ce yanka ba."

"To, ai duk motsi ne."

Tun da Umma ta zame a banɗaki ta dafa ƙasa, wuyan hannunta na dama ya karye, haka suke ta fama. An ja hannun, an mayar da ƙashin, an ɗaure. Aka ce ba sai an yi tiyata ba, in dai ƙashin ya zauna inda aka ajiye shi. Umma kuwa ko allura ba ta so, balle wuƙa, amma zama ya gagare ta. Auta ta ɓoye almakashin a ƙarƙashin katifa, Umma ta samo. Ta kai shi firiji, Umma ta ɗauko, har da cewa ya fi kaifi da sanyinsa. Auta ta ce a bar mata yankan, Umma ta ce, "Ke da hannunki ke rawa in an kalle ki? Yadin mutane ne fa."

Ranar komawa asibiti Umma ta goge allin da tsumma. A layi ta ce ƙasa-ƙasa, "Ki kama bakinki."

Likita ya ɗaga hoton ƙashin, ya daɗe yana kallo.

"Mama, ƙashin ya ɗan goce. Kin sake faɗuwa ne?"

"Ni? Zaune nake kamar baƙuwa."

"Ba kya ɗaukar komai?"

"Ko cokali."

Auta ta kalli yatsun Umma. Sun kumbura, ga shatin almakashi a babban yatsa. Ita da ko a aji ba ta taɓa ɗaga hannu ba, sai ga shi ta buɗe baki.

"Yadi take yankawa," ta ce, idonta a ƙasa. "Kullum."

Aka yanke filastar, aka sake jan hannun, Umma na cije leɓe. Sabuwar ta haura har saman gwiwar hannu.

"Wannan ce ta ƙarshe," in ji likita. "In ya sake gocewa, sai tiyata."

Suka koma gida. A shago Umma ta zauna, ta daɗe tana kallon yadin da ta bari rabi. Can ta tura almakashin da hannun hagu.

"Ɗauka, mai baki. Bi kan allin."

Auta ta ɗauka, hannunta na rawa.

"Umma, ki daina kallona."

Umma ta ja tsaki, ta juya ta fuskanci bango. A bakin filastar, yatsunta biyu na ta buɗewa suna rufewa.