Saƙonnin Baba Toma

Ni dai ban nemi zama admin ba. Gurup ɗin danginmu ne na Watsap, Jikokin Ilyasu, mu saba'in da wani abu, aka ce tunda Tsahara malamar lakwal ce ta saba da tsawata wa yara, a ba ta. Na karɓa, har da jin daɗi, Allah ya yafe mini.

Tsofaffi biyu ke buɗe gurup ɗin kullum da safe. Baba Idirisa, ƙanen mahaifina, manomin rani a Jiratawa, shi ke farawa. Sai Baba Toma na Tibiri ya amsa. Uwar Baba Toma ƙanwar kakanmu ce, ta auri mutumin Tibiri mai bin mishan, 'ya'yanta suka tashi Kirista. To ka ga su biyun taubasai ne, ɗan namiji da ɗan mace, zagi tsakaninsu halal ne tun suna yawo ba wando. Ba mai rubutu a cikinsu. Baba Idirisa bai yi boko ba, Baba Toma kuma yanar ido ta rufe mishi gani, sai dai ya laluba ya danna. Bokal suke yi, wato saƙon murya, muryarsu tsaf.

"Toma, arnen Tibiri, bawana! Ka kwana ko ka mutu in zo in ɗauki akuyoyi?"

"Ɓarawon ruwa, na ji ka. Gonar wa ka karkatar wa ruwa yau, kai mai salla?"

Haka kullum. Mu da muka girma muna jin su, dariya muke mu wuce.

Sai aka shiga zagaye na biyu na zaɓe, gari ya yi zafi. Gurup ya koma filin dambe, wannan ya zagi jam'iyyar wancan, wancan ya zagi uwar wannan, kai, mutanen da suka ci tuwo a akushi ɗaya! Na tashi na kafa doka: duk wanda ya yi zagi, kowane iri, zan fidda shi kwana uku. Na rubuta, na kuma faɗa da baki.

Ranar Talata Baba Idirisa ya yi gaisuwarsa yadda ya saba. Ko minti biyar ba a yi ba Yunice ta kira ni daga Yamai. Ita ce autar Baba Toma, ma'aikaciyar jinya, ba mai yawan magana ba ce.

Ta ce, "Yaya Tsahara, dokarki ta 'yan siyasa ce kaɗai? Kalmar nan da yake kiran babana, ita na ji ana ihu da ita ranar da aka ƙona mana coci. Ina ciki ranar, ta taga na fita. Ku kuna dariya, ni in na ji ta ranar nan nake tunawa."

Gaskiya ta faɗa. Kuma ni mace ce mai saurin hawa, in na ce doka to doka ce. Na danna sunan Baba Idirisa na fidda shi. Ban kira shi ba, ban kira Baba Toma ba. Na ce a raina Juma'a zan maida shi, in bi shi da goro in ba shi haƙuri.

Washegari aka yanke rezo a ƙasar gaba ɗaya. Kira na shiga, amma Watsap ya mutu murus. Juma'a ta zo ta wuce. Na tuna da Baba Idirisa sau biyu ko uku, na ce ai kowa ma a waje yake yanzu, da shi da mu duk ɗaya. Na ci gaba da harkokina a unguwarmu Zariya, lakwal da girki da sauraron jita-jitar Yamai.

Kwana na bakwai da yanke rezo Inna Dinatu, matar Baba Toma, ta kira ni tana kuka. Baba Toma ya rasu da hantsi, ciwon ƙirji. Muka tafi Tibiri. Wurin jana'iza na hango Baba Idirisa can gefe ƙarƙashin itacen bedi, fuska a murtuke, bai matso ba sai da za a rufe. Na so in je wurinsa, kunya ta hana ni. Kafin in waiga ya hau kabu-kabu ya tafi.

Bayan kwana uku rezo ya dawo. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa wayata ta fara ƙara ba tsayawa. Na duba. Baba Toma. Baba Toma. Baba Toma. Saƙo bakwai a jere cikin gurup, daga mutumin da na ga an zuba wa ƙasa.

Wallahi sai da tiren ya zame daga cinyata. Na san dalili, ba yarinya ba ce ni: ya yi ta ɗaukar murya ba rezo, saƙonnin suka tsaya cikin wayar suna jira. Sanin bai hana tsigar jikina tashi ba. Na danna na farko.

"Ɓarawon ruwa, yau ka makara. Ko alwala ce ta gagare ka?"

Muryarsa garau, har da 'yar dariyar nan tasa ta hanci. Na biyu ma zagi ne. A na uku ya ce Dinatu ta ce mishi wai an yanke waya, shi bai yarda ba, tsoro ne ya kama ɓarawo. A na huɗu tari ya katse shi sau biyu. Daga na biyar ba zagi kuma.

"Idirisa, an ce in kira ka. Na ce a'a, kai ke farawa, shekara saba'in kai ke farawa. Mi ya faru?"

Na shida numfashi ne kawai da kukan kaza a bayansa. Na bakwai gajere ne.

"Ɗan kawu, in wani abu na faɗa ya yi maka zafi, ka yafe. Ni ban san mi na yi ba."

Mutum saba'in da wani abu suka saurara. Ba wanda ya rubuta ko harafi ɗaya. Wanda aka yi dominsa kuwa ba ya ciki, ni na fidda shi, kuma Baba Toma ya mutu bai sani ba, don ba ya ganin rubutun da ke nuna an fidda mutum. Ban ga laifin Yunice ba har yau. Ita ta faɗi abin da ke cin ta, ni ce na yanke hukunci ban buɗe baki na yi wa kowa bayani ba.

Da safe na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa. Na same shi bakin kwalbati, wando a naɗe, yana sakar wa albasa ruwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba.

Na ce, "Baba, saƙo na kawo maka."

Ya zauna kan kunyar gona. Na kunna mishi ɗaya bayan ɗaya. A na farko bakinsa ya motsa kamar zai rama, sai ya rufe. Da aka kai na bakwai ya sa hannu ya riƙe wayar tare da hannuna, hannunsa duk laka, ya ce in sake. Na sake.

Ya ce, "Ba shi ya kai ƙarata ba?"

"Ba shi ba ne, Baba."

"An ce mini daga gidansa maganar ta fito. Na ce ashe Toma ya gaji da ni, ya rasa bakin faɗa mini, ya sa ɗiya."

"Bai ma san an fidda ka ba. Ni ce na yi, ni kaɗai."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kwalbati. Ruwan ya cika fangalin albasar ya fara tsallakawa cikin na maƙwabci, bai tashi ya toshe ba.

Ya ce, "Dinatu ta miƙo mini ruwa ranar, na ƙi sha. Na tsaya bakin ramin mutumin nan ina jin haushinsa, Tsahara. Suna zuba ƙasa, ni haushinsa nake ji."

Kuka ya ƙwace mini. Na ce ya yafe mini, na ce yanzun nan zan maida shi gurup, har na fara laluben sunansa hawaye na hana ni gani.

Ya saki hannuna.

"Ki maida ni in zagi wa?"